Jan Ido na Bencin Tasha

"Buɗe bakinka. Huro mini iska."

Yaron ya buɗe baki ya huro. Malamin ladabi ya sunkuya ya shaƙa kamar mai zaɓen turare a kasuwa, ya ɗago yana yatsina fuska, alhali duk wanda ke kusa ya san babu abin da hancinsa ya kwaso sai warin bakin wanda bai karya kumallo ba. 'Yan aji biyu suka bushe da dariya. Wani daga tsakiyar aji ya maƙe murya ya ce, "Jan Ido ya yi sama!" Aka ƙara kwashewa, har da masu buga benci.

Malamar lissafi tana tsaye a bakin allo da alli a hannu, an yanke mata darasi babu sallama babu neman izini. Ba ta daɗe da karɓar riƙon ajin ba, amma tuni yara suka raɗa mata Malama Allura, don siririya ce kuma maganarta ba ta tsayawa a fata. Sunan ya zo kunnenta, ta kuma karɓe shi hannu biyu.

"Malam, ka gama? Ina da darasi."

"Ban gama ba. Dubi idonsa, Malama. Wannan ya yi miki kama da idon mai karatu?"

Ta duba. Idanun sun yi jajir, fatarsu ta tasa, ruwa yana gangarowa ta gefen hanci. Yaron ya kasa buɗe su sosai, yana ta ƙifce-ƙifce yana kare fuskarsa daga hasken taga da gwiwar hannu. Amma kansa bai sunkuya ba. Ya tsaya ƙiƙam, haɓa a sama, kamar shi ke bin malamin bayani.

"Me ka sha?" in ji malamin ladabi.

"Ban sha komai ba."

"Ƙarya kake yi!"

"To, ban dai sha ba."

Bulala ta sauka a gadon bayansa, ta sake sauka. Yaron bai ko sosa wurin ba. Malamin ladabi ya nuna shi da tsinin bulalar ya ce ranar Alhamis kwamiti zai zauna a kansa, an riga an aika wa ubansa. Ya juya ya fita yana huci. Yaron ya lalubi hanya da gefen bencina ya koma mazauninsa, can ƙarshen aji.

A makarantar nan ba a zama inda aka ga dama. Duk ƙarshen zango ake jera yara bisa sakamakon jarrabawa: na ɗaya a gaban allo, inda malami zai iya miƙa hannu ya shafa kansa, sauran su bi baya-baya har a kai ga benci na ƙarshe da ke jingine da bango, kusa da tsintsiya da kwandon shara. Wannan bencin yara ke kira Tasha, domin wanda ya zauna a kai mota yake jira. Ba a taɓa jin wanda ya tashi daga Tasha ya dawo gaba ba. Ta yaya ma zai dawo? Daga can rubutun allo sai ka ce sawun tururuwa, muryar malami kuwa kafin ta iso ta gaji. Idan aji biyu ya zo ƙarshe sai a yi abin da malamai ke kira tankaɗe. A kira iyayen 'yan Tasha, a kwantar da murya, a ce musu yaron nan ai hannunsa ya fi kansa, gara a nema masa sana'a tun da wuri. Da haka aji uku ke shiga babbar jarrabawa tsaf-tsaf, sakamako ya fito na a-zo-a-gani, a ɗauki hoton Firinsifal yana murmushi. In ka tambaye su, ba su taɓa korar kowa ba. Shawara suke bayarwa.

Bana mutum uku aka jera a Tasha. Akwai wani ƙato da gemu ya fara tsiro masa, wanda tuni ya hutar da kowa ya daina zuwa. Akwai wata yarinya mai yawan gyangyaɗi. Sai Jan Ido, wanda shi ba a ma tsaya yi masa ta shawara ba, tunda an samo masa laifi na musamman.

Malama Allura ta juya ga allo ta ci gaba da darasi, amma ranta ya ɓaci ƙwarai, har alli ya karye mata a hannu.

* * *

Ba wani zurfin bincike ne ya tona maganar ba, guga ce.

Wutar unguwar su Malama ba ta da alkawari. Takan zo da yamma ran da ta ga dama, ta tafi ba sallama. Duk ran da ta zo, Malama kan yar da abin da take yi ta jona dutsen guga, domin ta tsani shiga aji da kaya a yamutse. Malamar Turanci, maƙwabciyar kujerarta a ofishin malamai, ta mayar da abin wasa. In ta gan ta da kaya sumul sai ta ce, "A'a, yau amarya ce a makarantar? An kawo muku wuta ke nan." In kuwa ta gan ta a cukurkuɗe sai ta ce, "Allah sarki, yau daga bakin saniya aka ƙwato ki."

Ranar bulalar nan, da ta dawo ofis ta zube a kujera, malamar Turanci ta ce, "Amarya guda da ɓata rai?" Malama Allura ta buɗe baki za ta mayar mata, sai ta tsaya. Ta dubi hannun rigarta mai karin guga. Ta tuna cewa a makon jiya, ranar da aka ce daga bakin saniya aka ƙwato ta, idon yaron fari tas yake, har ya ɗaga hannu daga Tasha ya faɗi amsar da na gaban allo suka kasa, 'yan ajin suka juyo suna kallonsa don mamaki. Ta ƙara lalubawa baya. Duk safiyar da ta iya tunawa ta zo da gogaggen kaya, yaron da jan ido ya zo. Ta kuma sha ganinsa da safe yana fitowa daga lungun da ke bayan nasu, wato wayar wuta ɗaya ce ke ba su. Wace irin ƙwaya ce wannan da ba a shanta sai an kawo wuta?

Da aka fita hutun tara ta sami yaron shi kaɗai a aji, ya kifa fuska a kan hannu. Ta ja bencin gabansa ta zauna.

"Ɗago. Ba dukanka zan yi ba, hannun nawa ma ba zai iya ba."

Ya ɗago da ƙyar. A nan kusa ta ga abin da ba a gani daga bakin allo: ƙananan tabon ƙuna birjik a bayan hannuwansa, wasu sun warke, wasu sabbi.

"Me kake yi idan an kawo wuta?"

Ya zabura kamar ta taka masa ƙafa. Ya kau da kai ya ce babu komai.

"Ni fa ba na gajiya da tambaya. In ka ƙi faɗa yau, gobe ma ina nan."

Ya dubi tabon hannuwansa. Can ya ce, "Babana mai walda ne. Ni ke riƙe masa ƙarfe."

"Shi ne idon?"

"Da yamma ba ya komai. Sai an kwanta yake tashi, kamar an zuba mini yashi."

"To me ya hana ka faɗa? Ka tsaya ana jibgarka, ana shafa maka kashin kaji a gaban aji?"

"Wa ya tambaye ni? Me ka sha kawai ake cewa." Ya share ruwan idon da bayan hannu, muryarsa ta yi ƙasa. "Malama, don Allah ki bar maganar nan. In aka ce aikin shago ne ke hana ni karatu, Baba zai ce to a bar karatun. Dama jira yake a ce na kasa."

"Kai fa, kana son ka bari?"

Ya dube ta da jajayen idanun nan, ya ce, "Ko a ƙasa za a ajiye ni zan zauna. Ba inda za ni."

Ta tashi ta kakkaɓe zanenta. A zuciyarta ta riga ta ƙudura cewa wannan yaron dai ba zai hau motar Tasha ba, ko da kuwa ita za a saka a ciki.

* * *

Ranar Laraba da yamma aka kawo wuta. Malama ta dubi dutsen guga, ta dubi tulin wanki, ta ɗauki mayafinta ta fita.

Ba ta sha wuyar gano shagon ba, ƙugin injin ne ya yi mata jagora. Rumfar kwano ce a bakin hanya, an jingine ƙofofin ƙarfe da tagogi a jikin bango, ƙasa duk gutsattsarin ƙarfe da wayoyi masu ɗaurin roba. Mai walda yana tsugune, ƙaƙƙarfan mutum mai faɗin kafaɗa, rigarsa ta yi huji-huji da tartsatsi. Hannunsa na dama na riƙe da abin walda, na hagu na riƙe da wani ɗan baƙin gilashi da bai fi tafin hannu ba, mai tsaga a gefe. Hannuwan ke nan sun ƙare. Ƙarfen da za a haɗa kuwa sai an riƙe shi, kuma mai riƙon shi ne ɗalibinta, ya durƙusa fuskarsa dab da wurin.

"Ido!" mai walda ya daka tsawa.

Yaron ya runtse ido. Wani farin haske ya tashi, mai shuɗi-shuɗi, har Malama da ke nesa ta kare fuska. Ta tsakanin yatsunta ta ga yaron ya ɗan buɗe ido ɗaya yana leƙen ƙarfen, don in ya goce daga layi shi za a yi wa faɗa. Uban ya matsa gaba ya sake ɗosana wutar, wannan karon bai ce ido ba, sauri yake kafin a ɗauke.

Ta yi sallama da ƙarfi. Mai walda ya sauke gilashin ya amsa, yaron kuwa ya yi tsuru-tsuru.

"Ni ce malamar ajinsu."

"To, to, sannu da zuwa Malama. Manaja, ba ta kujera." Ya yi murmushi. "Haka nake ce masa, ai shi zai gaji wurin. In maganar gobe ce, saƙo ya iso ni. Kada ku wahalar da kanku, na san zancen. Zan zo in sa hannu in ɗauko abina."

"Malam, hasken nan ne ke cinye masa ido."

"Ido kuma? Ai sabo ne. Ni ma haka na koya, maigidana ya ce ido, in rufe. Ga ni nan ban makance ba."

"Na ga ka ɗosana sau biyu, sau ɗaya ka ce ido."

Murmushin ya ragu. "Malama, aikin kika zo koya mini?"

"Ban iya aikinka ba. Nawa na iya, kuma nawa ne ke lalacewa. Yaro ya kwana yana hawaye, ya zo da safe ba ya ganin allo, a kai shi ƙarshen aji, can ma ya ƙara rashin gani. Sannan a ce ba shi da ƙwaƙwalwa. Yana da ita, na gani."

Wata mata ta fito daga ƙofar gidan da ke bayan rumfar da kofin ruwa a hannu. Ta miƙa wa Malama, ta gaishe ta, sannan ta ce ba tare da ta dubi mijin ba, "Faɗa masa dai, Malama. Ni na gaji da matsa jiƙaƙƙen tsumma a idon yaro. Na yi magana har bakina ya yi tsami."

"Ke kuma shiga ciki," in ji mai walda. Ba ta shiga ba. Ya juyo ga Malama, ya ware manyan hannuwansa. "Duba nan. Hannu biyu Allah Ya ba ni, aikin na hannu uku ne. Wa zai riƙe mini? Wutar nan in ta zo ba ta jiran a tashi daga karatu. Makaranta ta gaji da shi, ni ban gaji da shi ba. Laifi ne in ɗauki ɗana?"

Maganarsa ba ta wauta ba ce, Malama ta san haka, shi ya sa ma ta fi ba ta haushi. Ta lura da abu guda: mutumin nan bai san da wane laifi aka kira shi ba, ya zaci tankaɗe ne irin na kowace shekara. Maganar ta zo mata har leɓe. Ta dubi yaron, ya girgiza mata kai a hankali yana roƙo da ido. Ta haɗiye. Akwai maganar da gara mutum ya ji ta da kunnensa daga bakin mai ita.

"Shi ke nan. Ka zo goben da kanka, kada ka aiko kowa." Ta juya ga uwar. "'Yar'uwa, da safe ki biya da shi asibitin unguwa a duba idon kafin ya zo makaranta. Ni zan tsaya masa a kan latti."

"Ido!" mai walda ya yi tsawa tun ba ta bar rumfar ba, don dai ta san an sallame ta.

* * *

Ofishin Firinsifal yana da labule mai kauri da fanka mai ƙara. Firinsifal na bayan tebur, mutum mai sanyin murya wanda bai taɓa faɗa da kowa ba, bai kuma taɓa fasa abin da ya yi niyya ba. Malamin ladabi na gefe ya jingine bulalarsa da kujera. Yaron yana tsaye a jikin bango, idanunsa na sheƙin man da aka shafa masa a asibiti. Malama Allura ta zauna da kayanta a yamutse, ko a jikinta.

Tun kafin uban ya iso ta zayyana musu abin da ta gani. Firinsifal ya saurara yana kaɗa kai, ya ce madalla da ƙoƙari, amma ai kowane ɗan shaye-shaye da labarinsa. Malamin ladabi ya ce shekarunsa a aikin nan sun fi na Malama a duniya, ido ɗaya zai yi wa yaro ya san abin da ke cikinsa.

Aka yi sallama. Mai walda ya shigo cikin wankakkiyar riga, ya sha hula, ga alama kayan fita kunya ne ya ciro daga ƙasan akwati. Jiya ya yi aiki har aka ɗauke wuta, kuma tsagar gilashin nan ba ta bar shi haka ba. Idanunsa jajir, sun tasa, yana ƙifce-ƙifce yana kare fuska daga hasken ƙofa. Kai ka ce yaron ne aka hura ya girma.

Malamin ladabi ya dube shi, ya dubi yaron, ya karkata wajen Firinsifal ya ce cikin raɗar da ba raɗa ba, "Ashe gado ne."

Mai walda yana shirin zama, ya tsaya a rabi. "Gadon me?"

Firinsifal ya gyara murya. Ya ce a yi haƙuri, ba a so a faɗa da zafi, amma an daɗe ana lura da yaron, alamu sun nuna ya faɗa shaye-shaye, ƙwaya ko wani abu mai kama da ita, don haka makaranta na ganin zai fi kyau...

"Ƙwaya?" Mai walda ya miƙe gaba ɗaya. "Wa? Manaja?"

Ya juya ya dubi ɗansa. "Tun yaushe ake ce maka haka?"

"Tun zangon da ya wuce."

"Dukanka aka yi a kai?"

Yaron ya kau da kai. Uban ya taka ya ɗaga masa riga ta baya, ya ga abin da ya gani, ya sauke rigar a hankali. Ya juyo ya fuskance su.

"Yaron nan," ya ce, "daga makaranta sai shago, daga shago sai tabarma. Ko rake ban taɓa ganin ya tsaya sha a hanya ba. Wutar da nake ciyar da shi da ita ce a idonsa, ita ce a nawa. Kai kuma ka dube ni, da furfurata, ka ce gado?" Ya dafa teburin da hannu biyu, tebur ya yi ƙara. "Wallahi da niyyar cire shi na fito daga gida. To na fasa. In na ɗauke shi yau, har ya mutu ɗan ƙwayar da aka kora ne. Yana nan. Sai ya gama, sai kun kira sunansa a gaban mutane kun miƙa masa takardarsa da hannunku."

"Malam, a yi haƙuri, a zauna a fahimci juna," in ji Firinsifal.

"Na fahimta. Ku ne ba ku tambaya ba."

Malamin ladabi ya buɗe baki, Malama Allura ta riga shi. Ta ce tunda uba bai karɓi shawara ba, kuma makarantar nan ba ta taɓa korar kowa ba kamar yadda ake faɗa kullum, ai magana ta ƙare. Saura abu ɗaya: a dawo da yaron gaban allo har idonsa ya warke.

Firinsifal ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Ya ce yaro zai zauna, amma tsarin zama doka ce, ba za a taɓa ta saboda mutum ɗaya ba. Wanda sakamakonsa ya kai shi bencin bango, a bencin bango zai zauna.

"A bencin bango," in ji Malama. "To, ranka ya daɗe, na ji."

A bakin ƙofa mai walda ya tsaya ya dube ta sama da ƙasa. "Kin san da maganar nan jiya."

"Na sani."

"Allura. Lallai an iya raɗa suna," ya ce, ya wuce.

* * *

Ranar Litinin 'yan aji biyu suka tarar da baƙon abu. An shafe bangon baya da baƙin fenti ya zama sabon allo, daidai saman Tasha, an kwashe tsintsiya da kwandon shara an kai su gindin tsohon allo. Malama Allura ta shigo ta wuce kai tsaye har ƙarshen aji, ta ce kowa ya tsaya a bencinsa, kada wanda ya canja wuri, doka ce. A juya bencina kawai a fuskanci nan. Tasha kuwa a ɗan ja ta gaba yadda za ta sami wurin tsayawa.

Aka yi ta ƙiiii da jan katako. Na ɗaya a aji, wanda bai taɓa ganin ƙeyar kowa ba tunda ya shigo makarantar, ya tsinci kansa a ƙarshe, ya ɗaga hannu ya ce shi fa ba ya gani sosai daga nan.

"Ashe?" in ji Malama. "To ka ji yadda ake ji. Kwantar da hankalinka, gobe a juyo wajenka. Kwana ɗaya naku, kwana ɗaya nasu."

Kafin a tashi takardar tuhuma ta iso ta daga ofis, an ba ta kwana biyu ta yi bayanin wanda ya ba ta izinin ɓata bangon makaranta. Ta karanta, ta ninke, ta ci gaba da darasi. Abin da ya soke ta ba takardar ba ce. Jan Ido na zaune a gabanta, idonsa ya fara washewa, yana kwafar rubutu kamar mai rama yunwa, amma shi kaɗai ne a bencin. Yarinyar nan mai gyangyaɗi ba ta zo ba. Ta tambaya, aka ce ai iyayenta sun zo tun ranar Alhamis ɗin, an ba su shawara sun karɓa. Malama ta tsaya da alli a hannu. Yarinyar ta yi zango guda tana barci a gabanta, ba ta taɓa jan benci ta tambaye ta abin da ke hana ta barci a gida ba. Ta ce wa na kusa da ƙofa ya tsaya bayan an tashi, ya kwatanta mata gidan.

* * *

Malama ta dawo daga gidan iyayen yarinyar da yamma, ƙafafunta sun yi futu-futu, ba ta samu komai ba sai alkawarin za a yi shawara. Ta ce musu jibi ma tana tafe. Tana shiga lungu ta ji ƙugin inji, ashe an kawo wuta.

Mai walda na tsugune a rumfarsa shi kaɗai a kan aikin. Ya danne ƙarfe ɗaya da dutse, ɗayan ya take shi da ƙafa, tartsatsi na zuba a kan yatsunsa ta tsakanin igiyar silifa. A can ƙuryar rumfar an kifa wani tsohon bokiti, yaron na zaune a kai ya ba wutar baya, fuskarsa na kallon bango, littafi a cinya, yana bin layi da yatsa.

Ƙarfen ya goce. Mai walda ya ja tsaki, ya janye ƙafar da sauri yana yarfe ta, ya sake takewa. Yaron ya ji, ya rufe littafin a kan yatsansa, ya fara karkato kafaɗa.

"Kada ka juyo," in ji uban, bai ko ɗago ba.

"Baba, bari in riƙe maka wannan kawai."

"Na ce kada ka juyo. Karanta da ƙarfi in ji."

Yaron ya koma ya fuskanci bango. Ya fara karantawa, yana tuntuɓe a kan kalmomi, inuwarsa na tsalle a jikin kwano duk sanda hasken ya tashi. Uban ya gyara ƙafarsa a kan ƙarfen mai zafi, ya cije leɓe, ya sake ɗosana wutar.